'Yar Kulu Ta Zo Goyon Ciki

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Yau Badamasi ya kawo matarsa goyon ciki. Tun daga Rano har nan Fassi a adaidaita sahunsa, yana lallaɓawa, har wani mai jaki ya wuce su, in ji ita. Cikin wata bakwai ne. Shekara goma sha huɗu da aure, sai bana Allah ya nufa, tana da talatin da bakwai a duniya.

'Yar Kulu zan riƙa ce mata a littafin nan, don haka nake ce mata a ko'ina. Ni na haife ta, amma 'yar fari ce, kuma mu a tasowarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta nuna ta san yana gidan. Ranar da aka yaye ta, Kulu matar wan maigidana ta saɓa ta a baya, ta tsallaka tsakar gida da ita. Kulu take kira Inna. Ni kuwa Yaya, yadda ta ji ƙannen mijina suna kirana. Mazanmu duk sun riga mu gidan gaskiya, sun bar tsofaffi biyu suna gardama a kan tsintsiya.

Da ta sauko, takalmin Badamasi ne a ƙafarta. Nata ya daina shiga. Kulu ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Kun ga ƙafa? Namiji ne, ƙato, mai riƙe mini garma!"

Ina bakin murhu ina suyar gyaɗa. Da gefen ido na duba. Gyaɗar ta ƙone.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Zobenta ya maƙale a yatsa. Kulu ta gwada sabulu, ta gwada man gyaɗa, ta gwada zare, ta gwada zagin wanda ya ƙera shi. A ƙarshe sai Ƙasimu maƙeri aka kira ya datse.

Fuskar ma ta tashi. Kulu ta ce hutu ne, a Rano ba ta samun mai dafa mata. Kanta na ciwo tun jiya. An ba ta fanadol biyu, an ɗaure kan da ɗankwali tamau.

Na dama kunu na ajiye a ƙofar Kulu na juyo. Iyakacin abin da aka yarje mini ke nan.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan Azahar

Ina tankaɗe na jiyo ta tana cewa, "Inna, taurari nake gani, ga rana tsaka."

Kulu ta ce, "Yunwa ce. Tashi ki ci ɗanwake."

Na san taurarin nan.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Tun da na koyi boko a ajin manya ban taɓa rubuta abin da ya wuce sunana da wasiƙa biyu ba. Yanzu ga ni ina cika shafi, don takarda ba ta da fuskar da zan ji nauyi.

Bayan ƙaramar Sallah, cikinta na wata uku, za ta fara zuwa awo. Kulu ce za ta raka ta, gwiwa ta hana. Aka ce ni in je, tunda dama zan kai man gyaɗa Rano. Muka zauna a benci ɗaya, da mutum biyu a tsakaninmu.

Malamar asibitin, Sharifa sunanta, yarinya ce mai gilashi, tana tambaya tana rubutawa a kati. Cikin fari ne? E. Shekara nawa? Ta faɗa. Ciwon suga? Babu. Ciwon ƙoda? Babu. Hawan jini? Babu. Sai ta ce, "Mahaifiyarki ko wata 'yar'uwarki ta taɓa yin hawan jini da ciki, ko jijjiga wajen haihuwa?"

'Yar Kulu ta juyo. Ta kalle ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Yaya, akwai?"

Ɗakin cike da mata, wasu jikokina ne a haife. In buɗe baki a gabansu in ba da labarin ranar da na haifi wadda ke zaune a gabana? Ni da ban taɓa yarda a bainar jama'a cewa na haife ta ba? Na dubi ƙasa na ce, "Babu."

Malama Sharifa ta ja ɗan layi a katin, ta wuce tambaya ta gaba.

A tatsuniyoyin da kakata take yi mana, duk wanda za a jarraba sau uku ake tambayarsa, in ya faɗi a ta farko yana da sauran biyu. Ni sau ɗaya aka yi mini.

Talata, 12 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Ba ta fito ba.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan La'asar

Abin da na sani game da haihuwarta kaɗan ne, don ba na nan aka yi. Na tuna ciwon kai, na tuna taurari, na tuna ina ɗaukar tulu. Sai na farka aka ce mini kwana uku ke nan, ga jaririya a hannun Kulu. Harshena ya tsage gida biyu, har yau gefensa akwai tabo, shi ya sa ba na son yaji. Aka ce iska ce ta tsamiyar bayan gida ta buge ni, don na fita da tsakar rana ba mayafi. Aka yi turare, aka sare tsamiyar. Ita ta biya laifin.

Yau na sami Kulu ita kaɗai tana gyaran zogale. Na tsuguna kamar mai taya ta.

Na ce, "Kin tuna abin da ya same ni waccan shekarar?"

Ta ce, "Ni da na danne ki? Kin kusa karya mini haƙarƙari, 'yar firit da ke."

Na ce, "Da kumburin ƙafa ya fara."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Jummai, ki yi wa bakinki linzami. Waccan iska ce, an yi maganinta, itacen ma an dafa tuwo da shi. Shekara goma sha huɗu muna roƙon Allah, sai yanzu za ki zo kina yi wa 'yata mugun fata? Tun yaushe ma kika fara sanin ƙafarta?"

Na tashi.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan masallaci

Badamasi ya zo da lemo da kankana. Na ƙudurta yau sai na gaya masa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna a bayan labulena, kansa a ƙasa, ni ma daga ciki nawa a ƙasa. In wani ya leƙo sai ya ɗauka allura muka yar.

Muka gaisa. Ya gida, ya damina, ya mutanen Rano, ya hanya, ya ƙoƙari. Muka sake zagayowa. Da na ga gaisuwar za ta ƙare na ce, "Ya kamata a kai ta awo."

Ya ce, "To, Inna. Ai makon jiya ne ranarta, Inna Kulu ta ce mai goyon ciki ba ta yawo. Amma in sha Allah ranar Litinin."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Ya ce, "Amin. Akwai wani abu ne, Inna?"

Na ce, "A gaida gida."

Wallahi na so in faɗa. Suruki ne. Yaya zan fara?

Litinin, 18 ga Agusta

Ruwa ya cinye kwalbatin hanya. Badamasi ya tsaya a tsallake ya yi waya, ya koma.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Ta ce ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama yana yi mata zafi. Ta yi amai sau biyu. Kulu ta ce gashin yaron ne ke sukarta. Amma yau muryar Kulu ta rage ƙarfi, kuma na ga ta tsaya a bayan gida inda kututturen tsamiyar yake, ta daɗe tana kallonsa.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan Magariba

Da safe matasa suka jera duwatsu a wajen kwalbatin. Ban yi shawara da kowa ba, na yafa mayafi na shiga ɗakin Kulu, na ce wa 'Yar Kulu, "Tashi." Kalmar farko ke nan da na fara yi mata da kaina tun tana goye. Su biyun suka zuba mini ido. Ta tashi.

A asibitin Rano muka tarar da Malama Sharifa. Ta ɗaura mata abin awon jini, ta duba, ta kwance, ta ɗaura a ɗaya hannun. Ta ce ɗari da saba'in bisa ɗari da goma. Ban san lissafinsu ba, amma na ga ta daina murmushi. Aka gwada fitsari da ɗan tsinken takarda, ya sauya launi. Nan da nan aka kwantar da ita, aka yi mata allura biyu a ɗuwawu, ta yi ƙara.

Na bi Malamar har baranda. Na ce, "'Yata, ranar nan kin yi tambaya na ba ki amsar da ba ita ba." Na gaya mata duka. Har harshen na nuna mata.

Na so ta yi mini faɗa. Ba ta yi ba. Ta cire gilashin ta goge, ta ce, "Mama, wannan ciwon ya fi kama mai cikin fari, da wadda shekarunta suka ja, da mai tagwaye, da mai suga ko ciwon ƙoda ko tsohon hawan jini. Yana kuma bin jini, daga uwa zuwa 'ya. Ranar da kuka zo jininta lafiya lau yake. Da na ji naki labarin, akwai wata 'yar ƙwaya da ake fara ba su tun cikin yana ƙarami, kuma da na ce kada ta yi nisa da mu."

Na ce, "Da bai same ta ba ke nan?"

Ta ce, "Ba zan ce miki haka ba. Wata ba ta da ko ɗaya ya kama ta. Wata ta sha ƙwayar ya kama ta. Allah kaɗai ya sani."

Yarinyar kirki. Ta bar mini 'yar ƙofa in fita. Na duba ƙofar, ba ta ishe ni ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, Kano, bayan La'asar

Jinin ya ƙi sauka, aka ce a wuce da ita babban asibiti a birni. Kulu ba ta iya hawa motar asibitin ba saboda gwiwa, ni aka tura ciki. Badamasi yana gaba.

Mun wuce Bunkure kaɗan abin ya zo.

Ba zan rubuta yadda yake ba. Shekara talatin da bakwai ana ba ni labarinsa, ina jin kamar na wata ce. Yau na gani. Ma'aikacin da ke tare da mu ya ce in juya ta gefe, in tallafi kanta, kada in sa mata komai a baki. Na tallafa. Kanta ya yi nauyi. Akwai furfura uku a gaban goshinta, ban taɓa sani ba.

An shiga da ita tiyata da azahar. Sun ce maganin ciwon shi ne a raba ta da cikin, ko ya kai ko bai kai ba.

Mace ce. An sa ta a kwalba. Badamasi ya ce ba ta fi tafin hannunsa da rabi ba. Ga ƙaton Kulu mai riƙe garma.

Juma'a, 22 ga Agusta

Ba ta farka ba. Ni ma ai kwana uku na yi.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Akwai wata jaka da suka rataye a gefen gadon, fitsari ke sauka a ciki. Kowane likita ya shigo ita yake fara dubawa kafin ya dubi fuskar mara lafiya. Ni ma na koya. Tun jiya abin da ya taru bai cika ludayi ba.

Matar da ke jinyar 'yarta a gadon kusa ta tambaye ni, "Baba, 'yarki ce?"

Na ce, "'Yar gidanmu ce."

Bakin nan nawa, ko a nan bai daina ba.

Lahadi, 24 ga Agusta

Kwana uku sun cika.

Talata, 26 ga Agusta, bayan Azahar

Ta buɗe ido da safe. Badamasi ya fita sallar walha, ni kaɗai ce. Ta daɗe tana kallon silin, sannan ta juyo.

Ta ce, "Yaya, ina Inna?"

Na ce, "Tana gida, gwiwa."

Ta ce, "Abin fa?"

Na ce, "Mace. Tana nan da rai, a kwalba."

Harshenta ya kumbura, maganar da ƙyar take fita. Ta ce, "Na ji ki a baranda ranar nan. Tagar a buɗe take."

Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Kwana nawa kika yi ke?"

Na ce, "Uku."

Ta ce, "Ni fa?"

Na ce, "Biyar."

Ta ce, "Na fi ki." Har da ɗan murmushi.

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Haba Yaya. Ni ma ranar da na tambaye ki, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage. Da kika ce babu daɗi na ji, don an wuce wurin."

Ta nemi ruwa, aka ce kada a ba ta da yawa. Na jiƙa auduga na shafa mata a leɓe. Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi, ni da ita.

Laraba, 27 ga Agusta, da yamma

An tura ta a keke ta ga jaririyar ta bayan gilashi. Ta ce, "Kunnen Badamasi ne, Allah sarki." Badamasi ya yi dariya, ya fita waje ya daɗe.

Sun ce ƙodar ta tsaya, za a fara yi mata wanki da inji.

Alhamis, 28 ga Agusta

An yi suna a Rano ba uwa ba 'ya. Ikram. Kulu ta yi waya tana ta faɗa wai ba a kawo mata kan rago ba, can sai muryar ta karye, ta kashe.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan La'asar

Wanki na biyu. Ta dawo ba ta gane Badamasi ba. Jakar nan yadda take.

Likitan ya kira shi gefe. Ban ji me ya ce ba, na dai ga ya dafa kafaɗarsa. Tun ina yarinya na lura, mai kawo labari mai daɗi ba ya dafa mutum.

Litinin, 1 ga Satumba

Ta koma barcin.

Laraba, 3 ga Satumba, Fassi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi. An kai ta bayan La'asar, kusa da mahaifinta.

Juma'a, 5 ga Satumba, da yamma

Gidan cike. Daga Rano, daga Kibiya, daga Saji, har matan rugar da take sayen nono a wurinsu sun zo. Ɗakin Kulu ake shiga. Ita ake riƙe wa hannu, ita ake ce wa, "Sai haƙuri, Inna, kin yi rashi." Haka ya kamata, ita ta goya, ita ta aurar. Kulu ta zube, ko zama ba ta iyawa sai an jingina ta.

Ni ina tsakar gida ina miƙa ruwa, ina nuna wa baƙi inda buta take. Wata tsohuwa daga dangin Badamasi ta karɓi kofi a hannuna ta ce, "Kai, wannan baiwar Allah akwai kunya. Ko ɗigon hawaye. Irinku sun ƙare." Yabona take yi. Na ce mata na gode.

Da mutane suka ragu Kulu ta aika a kira ni. Ta ce, "Jummai, ni na ce gashin yaro ne."

Na ce, "Ni na ce babu."

Muka zauna. Ba wadda ta ba wata haƙuri.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan Azahar

Badamasi ya zo. Bai tsaya a bayan labule ba, ya shigo ya zauna a ƙasa, ni ma ban juya baya ba. Ya ce asibiti sun ce za a fitar da yarinyar daga kwalba, akwai waɗanda suka fi ta buƙata. Amma ba ta iya riƙe ɗumin jikinta, sai an sami mace da za ta ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, yini da kwana, har ta yi ƙwari. Mahaifiyarsa ta rasu, ƙanwarsa na da nata goyon.

Na ce, "Sun ce za ta rayu?"

Ya ce, "Ba su ce ba, Inna."

Na ɗaure zannuwa biyu da wannan littafin.

Talata, 9 ga Satumba, Kano, da hantsi

Sun ɗaura mini ita da zane, an sa mata 'yar hula. Nauyinta bai kai na curin ƙuli biyar ba. Numfashinta yakan tsaya, sai in ƙirga, ɗaya, biyu, uku, sai ya dawo. Malamar ɗakin ta ce in ya wuce goma in shafa tafin ƙafarta, in bai dawo ba in yi ihu. Na ce mata ihu ba sana'ata ba ce, amma zan koya.

Ƙirjin tsohuwa ne, ba komai a ciki sai ɗumi. Madara ake ba ta da ɗan cokali.

Yau ta sha biyu. Ta mayar da ɗaya.